Miliyan Ba Tamanin da Ɗaya

Sababbin malaman lissafi da aka turo makarantarmu bana sun same ni a ɗakin malamai ina raba wata lamba da fensir. Ɗaya daga cikinsu ya miƙo mini wayarsa cikin ladabi, kamar mai ba tsoho kujera a mota, ya ce in shigar da lambar kawai, kafin in ɗaga kai an gama. Na gode masa. Sannan na tambaye shi ko casa'in da ɗaya tana rabuwa. Ya ce ba ta rabuwa, sauran kuma suka gyaɗa kai gaba ɗaya kamar ƙadangaru a bango. Bakwai sau goma sha uku dai casa'in da ɗaya ne tun zamanin kakanninmu, ban kuwa ji an sake ba. To, saboda su nake wannan rubutu, da duk wanda yake ganin tsara tambayoyin gasar lissafi aikin wanda ya rasa abin yi ne.

Na fi shekara talatin ina koyar da lissafi a Birnin Kebbi, kuma mafi yawan shekarun nan ni ne nake fitar da tambayoyin gasar da ake yi tsakanin makarantun sakandare na yankinmu. Ba sana'a ce mai shago ba. Kayan aikinta duka suna shiga gwangwanin biskit guda: fensir, reza, katuna na kwali da ake rubuta tambaya a gaba amsa a baya, da wata ƙaramar kalkuleta mai cin lamba takwas, wadda sai an kai ta bakin taga take farkawa. Abin da gwangwanin ba ya ɗauka shi ne sanin halin lamba. Kowace lamba tana da dangi da asali kamar mutum. Akwai cika, akwai mara. Akwai murabba'i, wato wadda ake samu in an ninka lamba da kanta, kamar tara sau tara. Akwai kuma wadda littafi yake kira firam, wato lambar da babu mai raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta, irin su bakwai da goma sha uku. Waɗannan su ne masu taurin kan cikin lambobi, kuma su ne suka fi kunyata malamai.

Aikin farko da maigidana a wannan sana'a ya ba ni, ban ɗauke shi aiki ba. Sunansa Malam Arzika, mutumin Augie, wanda ya yi karatun zaure mai zurfi kafin ya shiga boko, saboda haka yana kiran lambobi da sunayen da ya koya a littattafan Larabci. In ka tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta, suka ba ka ita cif, sai ya ce kammalalliya ce, kamar ashirin da takwas: ɗaya da biyu da huɗu da bakwai da goma sha huɗu. In jimlar ta zarce ta, za'ida ce. In ta gaza, naƙisa. Ya ba ni lambobi daga ɗaya zuwa ɗari ya ce in sa kowace a gidanta. Na gama a yini biyu, na dawo masa da tsaraba: na gano cewa duk za'idar da na samu cika ce, saboda haka lambar mara ba ta taɓa zama za'ida. Na faɗa masa haka da muryar wanda ya tono rijiyar man fetur a bayan gida.

Bai ɗaga kai daga goron da yake ɓarewa ba.

"Lamba nawa kag gwada?"

Na ce ɗari.

"Su kuwa lambobi nawa na a duniya? Tahi ka biɗo wadda za ta ƙaryata ka, kak ka dawo sai da ita."

Mako uku na yi ina biɗa. Na wuce ɗari biyu, na wuce ɗari biyar, har na fara shirya yadda zan gaya wa dattijo cewa wannan karon yaro ya fi shi gaskiya. Sai ga ɗari tara da arba'in da biyar. Mara ce, ba shakka, amma masu raba ta in an tara su ɗari tara da saba'in da biyar ne. Na kai masa ita kamar mai kai ɓarawon akuya gaban mai unguwa. Ya duba, ya ce madalla, yanzu na san abin da ake nufi da "duk". Tun daga ranar, in na ji matashin malami ya fara jimla da "duk lambar da", sai in gyara zama.

A hannunsa na gaji jadawalin. Wani kwali ne mai faɗin littafin rajista, wanda ya rubuta da tawada da hannunsa, ɗauke da dukkan firam da ke ƙasa da dubu. Ɗari da sittin da takwas ne, goma-goma a kowane layi. Amfaninsa shi ne, in kana son ka tabbatar lamba firam ce, ba sai ka gwada raba ta da kowace lamba a duniya ba. In ba ta kai miliyan ba, ka gwada ta da waɗannan ɗari da sittin da takwas ɗin kawai, domin dubu sau dubu shi ne miliyan. In tana da mai raba ta, lalle akwai guda a ƙasa da dubu. In duka suka bar saura, ka sa hannu, firam ce. Hanya ce mai tsawo, amma hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ya ce in riƙe kwalin nan kamar takardar gona.

Masu zuwa neman aiki wurina iri-iri ne, kuma ba dukansu ne suka san abin da suke nema ba. Wani malamin wasanni daga wata makaranta a Badariya ya taɓa zuwa da gumi, yana son jera ɗalibai ɗari biyar da ashirin da uku a layuka daidai wa daida domin fareti. Ya gwada layi goma, ya gwada goma sha biyu, ya gwada ashirin, kullum sai wasu sun yi saura suna tsaye a gefe kamar baƙin da ba a gayyata ba. Na duba kwalina na ce masa ya daina wahalar da yaran mutane a rana, lambarsa firam ce, ko shekara zai yi ba za ta jeru ba. Ya cire uku ya ba su tuta su riƙe a gaba, sauran ɗari biyar da ashirin su shiga layi ashirin, ashirin da shida a kowanne. Ya tafi yana sa mini albarka. Na ji daga baya cewa yaran ukun sun ɗauka don sun fi kowa kyan tafiya aka zaɓe su.

Wani kuma shugaban makaranta ne, ya zo har gida da kwandon albasa, ya zagaya ya zagaya, sannan ya ce yana son tambayoyi masu wuya ƙwarai, amma irin wuyar da yaransa za su iya. Na ce masa irin wannan tambayar ba a ƙera ta ba tukuna. Albasar dai ya bar ta, domin mutum ne mai kunya. Akwai kuma wani mai injin casar shinkafa da ya kawo mini lambar sabuwar motarsa in duba masa ko tana da sa'a. Na duba na ce tana rabuwa da uku da goma sha ɗaya, sa'a kuwa ba a ajinmu ake koyar da ita ba.

Ranar rabon kyaututtuka kuma nakan yi wa iyaye ɗan wasa. In sa wani ya faɗi lamba mai gida uku, a rubuta ta sau biyu a jere, misali 473,473, sannan in ce ko ban duba ba tana rabuwa da bakwai, da goma sha ɗaya, da goma sha uku. A gwada, a ga haka ne, tsofaffi su fara matsawa nesa da ni. Asirin bai taka kara ya karya ba: rubuta lamba sau biyu haka daidai yake da ninka ta da dubu da ɗaya, dubu da ɗaya kuwa bakwai ne sau goma sha ɗaya sau goma sha uku. Ina faɗa muku wannan ne domin ku san cewa a lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, ni ba ɗan koyo ba ne. A Argungu sun sani, wanda bai iya ruwa ba ba ya nisa da gaɓa. Gwani ne yake nutsewa har a neme shi da kwalekwale.

Yanzu ga yadda ake ƙera tambayar firam a gasa. Ba za ka ba yaro lamba mai gida shida ka ce cikin minti ɗaya ya tabbatar maka firam ce ba. Wannan zalunci ne. Sai ka ba shi huɗu ka ce wacce ce firam a ciki. Uku ka sa musu aibi wanda mai ido zai gani: wannan ta ƙare da biyar, waccan in ka tara gidajenta uku yana raba su, ɗayar kuma goma sha ɗaya ta shige ta. Yaro ya kawar da ukun, wadda ta rage ita ce amsa. Shi aikinsa minti ɗaya ne. Kai mai tsarawa, naka aikin shi ne ka tabbatar wadda ta rage ɗin firam ce da gaske, domin yaron ya dogara ne da amanarka.

A shekarar da nake kira muguwar shekara, kwalin Malam Arzika ya tsufa, gefensa ya fara zubewa, shi kansa Malam Allah ya yi masa rasuwa. Na ga bai kamata in ci gaba da yawo da shi ba. Na kai shi wani shagon kwafi a unguwar Nasarawa aka fitar mini da shi a farar takarda, aka sa mata leda, na mayar da na asalin ƙasan gwangwani. Kwafin ya fito tsaf, layi-layi, kowane layi cike da goma, ba gibi ko ɗaya. Har na yaba wa mai shagon.

Domin zagayen ƙarshe na gasar shekarar na zaɓi lambobi huɗu a gindin miliyan: 999,911 da 999,915 da 999,919 da 999,921. Ta farko goma sha ɗaya yana raba ta, ta biyu biyar, ta ƙarshe uku. Ta ukun ce na ɗauka a matsayin firam, don ta yi mini kama da su, na kuma zauna tabbatarwa. Yini biyu na yi a bakin taga da kalkuleta da sabon kwafina. Biyu, uku, biyar, bakwai, haka har ƙasa, kowace na gwada sai in sa mata ɗigo da fensir a wata takarda. Duka suka bar saura. Na kai lamba ta ƙarshe a kwafin, ɗari tara da arba'in da ɗaya, ita ma ta bar saura. Na rubuta amsa a bayan kati na sa hannu.

Ranar Asabar aka yi zagayen ƙarshe a wani babban zaure a Birnin Kebbi. Makarantu biyu suka rage: wata ta maza ta nan cikin gari, da wata ta 'yan mata daga Argungu. Wadda ta ci, ɗalibanta uku ne za su wakilci yankinmu a zagaye na gaba a wata jiha, kuma ranar Litinin za a aika da sunayensu. 'Yan matan ba su taɓa kaiwa ko kusa da nan ba. Malamarsu, Malama Luba, ita ta kawo su a motar haya, da kular abinci a cinya. Aka yi ta fafatawa har aka zo tambayar ƙarshe ana kunnen doki, kuma layin 'yan mata ne. Ni ne a teburin alƙalai da katuna a hannu. Aka rubuta lambobin huɗu a allo, mai agogo ya danna.

Jagorar 'yan matan wata siririya ce mai suna Saratu, 'yar masunta, wadda duk yinin nan ba ta amsa tambaya da kalma fiye da uku ba. Ta dubi allo, ta ɗan rubuta wani abu a takardar gabanta, ko rabin lokacin bai tafi ba ta ɗaga hannu.

"Babu ko guda, Malam."

Na juya katina na duba, ko da yake na san abin da ke ciki. Dokar gasar ita ce a faɗi amsa, alƙali ya duba kati, ba jayayya, ba bayani. Doka ce mai kyau, ni na rubuta ta, domin a da malamai kan hau dandamali a yi ta musu har la'asar. Na ce ba daidai ba. Ta buɗe baki za ta ƙara magana, mai agogo ya kaɗa ƙararrawa. Tambaya ta koma wurin maza, su kuwa suka yi abin da aka koya musu, suka kawar da uku suka ɗauki ta ukun. Zaure ya ɗauki tafi. Shugaban kwamitin gasar, Alhaji Manu, tsohon jami'in ilimi ne mai son a gama komai a kan lokaci, ya miƙa kofi, aka ɗauki hotuna, mazan suka fita da shi a kafaɗa.

Ina haɗa katuna a baranda Malama Luba ta zo ta gaishe ni har da rusunawa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce yarinyar ta ce a ba ni wannan, ko zan duba in na sami sarari. 'Yar takarda ce da aka yage daga littafin rubutu. Layi uku ne a kai. Na farko: miliyan ba tamanin da ɗaya. Na biyu: dubu sau dubu, a ɗebe tara sau tara. Na uku: 991 sau 1,009.

A tsaye na ninka su, a bayan kati, jingine da ginshiƙi. Suka ba ni 999,919, ba ƙari ba ragi.

Ku da kuka karanta lissafi kun gane abin. In ka ɗebe murabba'i daga murabba'i, abin da ya rage kullum yana rabuwa: dubu ba tara, sau dubu da tara. Darasin aji huɗu ne. Na koyar da shi sau talatin in ban ƙara ba, na kuma ja kunnen yara a kansa. Amma ni na karanta lambar ne yadda aka koya mana a makaranta, daga hagu zuwa dama, tara, tara, tara, kamar mai karanta lambar mota. Ita kuwa ta karanta ta yadda ake ƙirga kifi a bakin gulbi, inda ba mai cewa casa'in da takwas in yana iya cewa ɗari ba biyu. Da ta ji tamanin da ɗaya a kunnenta, sauran aikin ya yi kansa.

Da na isa gida na zazzage gwangwani na fito da kwalin Malam Arzika na aza shi kusa da kwafin. Kwalin ya fi gilashin injin kwafi tsawo da kamar yatsa biyu. Layin ƙarshe, guntun layi mai lamba takwas, daga ɗari tara da arba'in da bakwai zuwa ɗari tara da casa'in da bakwai, bai fito ba. Ɗari tara da casa'in da ɗaya tana zaune a ciki, ta biyun ƙarshe, da tawadar Malam. Kwafin nawa layi goma sha shida ne cif, ɗari da sittin, kuma cikarsa ce ta rufe mini ido. Na san da bakina cewa ɗari da sittin da takwas ne. Goma-goma ba za su taɓa ƙarewa da cikakken layi ba. Yaron aji ɗaya zai gaya maka haka.

Washegari da hantsi na tafi Gwadangaji gidan Alhaji Manu. Na same shi a zaure yana shan fura, na ajiye masa takardar Saratu da kwali da kwafi, na yi bayani. Ya saurara har ƙarshe, ya ture kwanon gefe.

"Malam Sahabi, wa yas san da zancen ga?"

Na ce ni, da Malama Luba, da yarinyar.

"To, ku uku na. Mu hwa, da munka ba da kofi gaban jama'a?"

Ya kawo dalilai, kuma ba na banza ba ne. Yaran da suka ci ba su yi laifin komai ba. Makarantarsu ta riga ta yi shela, iyaye sun ji. In aka ce alƙali ya yi kuskure a tambayar ƙarshe, gobe kowace makarantar da ta faɗi za ta zo da 'yar takardarta. Ya ce baɗi ma shekara ce, a bari 'yan matan su sake zuwa. Na ce masa Saratu ajin ƙarshe take, ba ta da baɗi. Ya ce to ni kuma in tuna cewa kwamiti ba zai bar mutumin da ya jawo wannan ya ci gaba da riƙe katuna ba. Na ce na tuna tun a hanya. Na ƙara da cewa tambayoyin da muka yi amfani da su akan tura su tare da sunayen, da amsoshinsu, da sa hannuna a ƙasa, kuma a can ma akwai masu fensir. Wannan ta fi duk sauran maganganuna shiga kunnensa. Ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in zo da safe a tara kwamiti.

Zaman bai yi daɗi ba, amma bai daɗe ba. Na rubuta 991 sau 1,009 a allo na roƙi kowa ya ninka da hannunsa. Shugaban makarantar mazan ya ninka sau biyu, ta biyun a hankali, ko Allah zai sa a samu wani abu dabam. Ya ajiye biro ya ce shi ba zai aika kofi ko'ina ba, wanda ya ɓata shi zai zo ya ɗauka, ya kuma tsaya gaban yaransa ya gaya musu da bakinsa. Kwamiti ya ga wannan adalci ne. Aka sake buga wasiƙa da sunan Saratu da abokanta biyu kafin azahar. Aka kuma rubuta a littafin taro cewa an hutar da ni daga tsara tambayoyi. Hutun ya kai shekara uku. A cikinsa ne aka kafa dokar da kuke ƙorafi a kanta yanzu, cewa kowace tambaya sai mutum biyu sun warware ta, ta hanya biyu dabam, ba wanda ya ga takardar ɗan'uwansa. In kuna neman wanda za ku zaga saboda wannan ƙarin aiki, ga ni.

Tsayuwa gaban yaran nan maza ita ce darasi mafi tsawo da na taɓa bayarwa, ko da yake bai wuce minti goma ba. Na gaya musu sun yi aikinsu daidai, katina ne ya yi ƙarya. Jagoransu ya fito da kansa ya ninka lambobin a allo, ya tsaya yana kallon amsar, sannan ya je ofis ya ɗauko kofin ya miƙo mini da hannu biyu. Sun riga sun ɗaura masa ƙyalle mai launin makarantarsu. Sai da na tsaya aka kwance.

Ranar Talata na shiga motar Argungu da kofi a cinya, domin ya ƙi shiga jaka. Tun daga tasha aka fara yi mini barka. Direba ya ce lalle Malam ya yi ƙoƙari. Wata tsohuwa mai kwandon busasshen kifi ta tambaya ko na kokawa ne, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce a'a, sai dai na karatu. Wani ɗan kasuwa ya ce a ba ni kujerar gaba, mai kofi ba ya zama a baya. Na ce musu ba nawa ba ne, kai shi zan yi. Suka ce ai wannan shi ne halin manya, ga nasara ga tawali'u. Daga nan na bar su, muka wuce fadamun shinkafa ina amsa gaisuwa.

A makarantar an tara 'yan mata a ƙarƙashin bishiyoyin dogon yaro, an fito da allo waje. Na faɗi abin da ya kawo ni ba tare da ado ba, na nuna musu kwalin da kwafin, na miƙa kofi ga shugabar makarantar. Guɗar da aka yi, ina jin har masu wanki a bakin gulbi sun ji. Malama Luba ta karɓi kwafin wasiƙar ta karanta sunayen nan uku da ƙarfi, ta sake karantawa, sannan ta ninke ta ta sa a jaka ta riƙe jakar da hannu biyu.

Da taro ya watse na sa aka kira mini Saratu. Ta zo ta durƙusa nesa kaɗan. Na tambaye ta abin da ya sa ba ta tsaya a kan kawar da uku ba kamar kowa, tunda ta san yadda ake ƙera irin tambayar. Ta ce ta kawar da su, amma lokaci ya rage, sai ta ga bai kamata ta zauna haka nan ba. Ta so ta gwada rabawa, ta ga abin zai yi yawa, ita kuma ba ta son dogon aiki, shi ya sa ta duba nawa ya rage lambar ta cika miliyan. Sannan, ba tare da ta ɗaga kai ba, ta ce ko za ta iya tambaya. Na ce ta yi.

"Malam, kai sau nawa kar raba ta?"

Na ce sau ɗari da sittin, a yini biyu.

Ta gyaɗa kai. Sannan ta ce, da dukkan ladabin da iyayenta suka koya mata:

"Sannu da aiki, Malam."